DAIDAI RUWA DAIDAI TSAKI: WANE BABUR YA DACE DA SABON HANNU?

Gabatarwa

Da zarar an kwashe albasar rani da tafarnuwa a fadamun Kogin Rima, kuɗi kan shigo hannun manoman Taloka da Goronyo da Wurno. A irin wannan lokaci ne magidanta da yawa kan cika alkawarin da suka daɗe da ɗauka wa 'ya'yansu samari, wato sayen babur. Wani matashin kuma guminsa ne ya tara, daga ƙwadagon ban-ruwa ko ɗan fegin da mahaifinsa ya yanka masa. A wannan yanki babur shi ne ke kai taki gona, ya kai mara lafiya asibiti, ya kai ɗalibi makaranta, idan kuma aka matsu a yi kabu-kabu da shi a sami na cefane.

Sai dai sau da yawa wanda ke yanke shawarar irin babur ɗin da za a saya shi ne wanda bai taɓa mallakar ko ɗaya ba, abokan shawararsa kuma tsararrakinsa ne na majalisa. Abin da ke burge su shi ne girman inji da ƙarar salansa da ƙyallin tanki. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babur na farko ya kamata ya kasance ƙarami, mai inji 100 zuwa 110, mai bugu huɗu, irin wanda bakaniken garin ya sani, mai cikakkun takardu, kuma a lissafa kuɗin hular kwano a cikin kuɗin sayensa tun daga farko. Dalilan wannan ra'ayi suna nan cikin darasin Fiziks da ake koyarwa a kowace makarantar sakandare.

Me ake nufi da 100 ko 150?

Lambar da ake gani a jikin babur, kamar 100 ko 125 ko 150, tana nuna yawan sararin da fistin ke sharewa a cikin silinda a duk lokacin da ya sauka daga sama zuwa ƙasa. Ana auna shi da ma'aunin cc, kuma cc 1,000 su ne lita guda. Ke nan inji 100 kashi ɗaya ne cikin goma na lita, bai kai cikin kofin shayi ba. Gwargwadon faɗin wannan sarari, gwargwadon iska da fetur da injin ke shaƙa a kowane zagaye, gwargwadon kuma ƙarfin da yake fitarwa. Babur mai inji 100 kan ba da ƙarfin doki 7 zuwa 8, nauyinsa kuma bai wuce kilo 100 zuwa 115 ba. Mai inji 150 kan kai doki 12 ko sama da haka, kuma ya fi nauyi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga sabon hannu. Wanda bai ƙware ba kan murɗa totur fiye da kima, ko ya saki kuloci farat ɗaya, musamman idan ya firgita. Ƙaramin inji kan yi haƙuri da irin wannan kuskure, iyaka ya yi tsalle kaɗan ko ya mutu. Babban inji kuwa kan fizge mahayin ya nufi katanga ko teburin mai shayi da shi kafin ya tuna inda birki yake. Haka kuma, idan babur ya karkata cikin rairayi ko lakar fadama, ƙafar mahayi ce ke tokare shi. Saurayi mai nauyin kilo 55 zai iya tare babur mai kilo 105, ya kuma ɗaga shi idan ya faɗi, amma ƙarin kilo 30 ko 40 na iya zama sanadin karayar ƙauri. Don haka kafin a biya kuɗi, wajibi ne matashi ya hau babur ɗin yana tsaye, ya tabbatar tafin ƙafafunsa biyu suna taka ƙasa sosai, hannuwansa kuma suna kai wa birki da kuloci ba tare da miƙa ba.

Lissafin gudu

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da ƙarfin motsi. Ɗaliban kimiyya sun san yadda ake lissafa shi: rabin nauyi, sau gudu, sau gudu. Da yake gudu ya shigo lissafin har sau biyu, idan aka ninka gudu sau 2, ƙarfin motsi kan ninku sau 4. Wannan ƙarfi ne birki ke fama da shi kafin babur ya tsaya, idan kuma birki ya gaza, jikin mahayi ne ke karɓarsa.

Ga misali da alƙaluma. Mai gudun kilomita 40 a sa'a yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa, mai gudun 80 kuma mita 22. Daga lokacin da ido ya ga akuya ta faɗo hanya zuwa lokacin da hannu zai kama birki, akan ɗauki kimanin daƙiƙa guda, kuma a cikin wannan daƙiƙa babur bai rage komai daga gudunsa ba. Bayan an kama birki, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, lissafi ya nuna mai gudun 40 na buƙatar kamar mita 9 kafin ya tsaya, mai gudun 80 kuwa kamar mita 36. Idan aka haɗa, na farko ya tsaya cikin mita 20, na biyu sai ya ci mita 58. A kan hanyar burji ko rairayi, inda gogayya tsakanin taya da ƙasa kan ragu da kusan rabi, tazarar birkin kan ninku. Hanyoyin da ke shiga ƙauyuka da gonakin wannan yanki galibinsu irin waɗannan ne, ga shanu da jakuna da raƙuma da amalanke marasa fitila.

Akwai wata hanyar kuma ta fahimtar al'amarin. Wanda ya ci karo da bishiya yana gudun kilomita 40 tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 6. Idan gudun ya kai 60, tsayin ya zama mita 14, wato kamar faɗawa busasshiyar rijiya mai gaba takwas. A gudun 80 kuwa, mita 25 ne. Babu mahaifin da zai bar ɗansa ya yi wasa a bakin irin wannan rijiya, amma akan miƙa wa yaro makullin abin da ke kai shi wannan hali cikin 'yan daƙiƙoƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu kan ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100. Gaskiya ne ƙaramin babur ma kan kai 80 idan aka matsa masa, to amma a hankali yake kaiwa, yana kuka yana karkarwa, kuma wannan kansa gargaɗi ne ga mahayi. A kan babban inji kuwa sai gudu ya kai 80 mahayi bai ji a jikinsa ba.

Bugu biyu ko bugu huɗu

Wasu dattawa na tuna zamanin Vespa da ƙananan Yamaha da Suzuki masu fitar da shuɗin hayaƙi. Waɗannan masu bugu biyu ne, wato fistin na hawa da sauka sau ɗaya a kammala aiki, kuma baƙin mai na ƙonewa tare da fetur. Suna da zafin nama, amma suna shan mai, wani sashe na fetur ma kan fice ta salansa bai ƙone ba. Inji mai bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala ƙera shi a 1876, yana aiki ne daki-daki: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya kunna su su tura fistin, sannan ya fitar da hayaƙi. Baƙin mai na zaune a mazauninsa daban. Irin wannan inji ne ke cikin Honda Super Cub da aka fara sayarwa a 1958, wanda adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017, kuma shi ne ke cikin Bajaj Boxer da TVS da Honda Ace da galibin baburan ƙasar Sin da suka cika kasuwannin Arewa. Duk wanda aka yi wa tayin tsohon mai bugu biyu saboda araha, ya tuna abin da zai riƙa biya a gidan mai.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, shan mai ya zama babban abin dubawa. A ƙaddara matashi na tafiyar kilomita 30 a rana, kwana 300 a shekara, wato kilomita 9,000. Babur da ke cin kilomita 45 da lita guda zai sha lita 200. Wanda ke cin kilomita 30 da lita zai sha 300. Bambancin lita 100 ne a kowace shekara, mai karatu sai ya ninka da farashin lita a garinsu ya ga buhun taki nawa ke nan.

Ƙura da zafi da bakanike

Kafin inji ya ƙona lita guda ta fetur, yana buƙatar iska kimanin lita 9,000. A lokacin hunturu, da kuma a kan hanyar burji a kowane lokaci, wannan iska cike take da ƙura. Abin da ke tsakanin ƙurar da cikin injin shi ne matatar iska, ɗan soso ko takarda da ke cikin akwati a gefen babur. Idan ta yage, ko aka cire ta wai don babur ya ƙara gudu, ƙura kan haɗu da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi da bangon silinda. Bugu da ƙari, waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su ta 'yan fukafukan ƙarfen da ke jikin silinda, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40. Baƙin mai kan tsinke da wuri a irin wannan yanayi. Saboda haka juye shi a kan lokaci, da wanke matata, da ɗaure sarƙa da shafa mata mai, su ne ke raba babur da zai yi shekara goma da wanda zai kwanta cikin shekara biyu.

A nan ne zancen samfuri ke shigowa. Babur mafi kyau ga mutumin Taloka shi ne wanda idan wayar kuloci ta tsinke ko fulogi ya mutu za a sami madadinsu a Goronyo ko Wurno ko Achida a ranar, kuma bakaniken bakin tasha ya kwance irinsa ya ɗaure sau ɗari. Baƙon samfuri, komai kyansa, idan ƙaramin ƙarfe ya lalace sai an aika Sakkwato ko Kano, babur na jingine a zaure, albasa na jiran kasuwa. Hanya mafi sauƙi ta gane samfurin da ya dace ita ce a tsaya a tashar 'yan kabu-kabu a ƙirga irin da ya fi yawa. Waɗannan mutane da babur suke ci da iyalinsu, kuma sun riga sun gwada wanda ke jure wa hanyoyin yankin.

Sabo ko na hannu?

Sabon babur ya fi kwanciyar hankali ga wanda ke da hali, muddin ya lallaɓa shi a kilomitocin farko kamar yadda littafin kamfani ya tsara, ya kuma juye baƙin mai na farko da wuri. Amma na hannu ba abin ƙi ba ne, domin sabon hannu ba ya rasa faɗuwa sau ɗaya ko biyu, kuma ƙujewar tsohon tanki ta fi sauƙin haƙuri. Sharaɗin shi ne a je da bakanike amintacce wanda ba shi da kaso a cinikin. A tayar da injin yana sanyi, domin mai sayarwa kan ɗumama shi don ɓoye wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi daga inji mai bugu huɗu alama ce ta cin baƙin mai. A tsaya ta baya a duba ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, idan ba haka ba to gangar jikin ta taɓa lanƙwasa a haɗari. A duba zanen taya, a gwada birkin gaba da na baya kowanne shi kaɗai, a kunna fitila da sigina.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a gabashin Sakkwato shi ne takardu. Kowa ya san yadda 'yan bindiga suka mayar da babur abin hawansu, da yadda suke ƙwace na matafiya. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta fitar da dokar tsaro wadda, a cikin abubuwan da ta ƙunsa a lokacin, ta hana goyon mutum uku a babur, ta taƙaita hawansa da dare, ta kuma dakatar da sayar da na hannu a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Goronyo da Wurno da Rabah. Wannan ya isa ya nuna yadda hukuma ke kallon babur maras asali. Matashin da aka tsayar a shingen bincike da babur da lambar injinsa ta sha bamban da ta rasit, ko aka kankare ta, zai sha tambayoyin da ba shi da amsarsu, ko da kuwa da kuɗinsa na halal ya saya. Don haka a gwada lambar inji da ta gangar jiki da abin da ke rubuce, a yi takardar ciniki a gaban shaidu da mai unguwa ya sani, a yi rajista a karɓi lamba. Idan farashi ya yi arahar da ta wuce hankali, a bar shi. Araha ba ta ado.

Hular kwano

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugi kwalta, ƙoƙon kan tsaya nan take, ita kuwa ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi daga ciki. Ƙa'idar kimiyya ita ce, gwargwadon tsawon lokacin da abu ya ɗauka kafin ya tsaya, gwargwadon raguwar ƙarfin bugun. Shi ya sa ƙwai kan fashe a kan siminti amma ya tsira a kan tarin ƙaiƙayi. Aikin hular kwano ke nan: ɓawonta na waje yana baza bugun, farin soso mai tauri da ke ciki kuma yana murƙushewa a hankali don ya tsawaita lokacin tsayawar kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya hula mai inganci yadda ya kamata na iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular a ranar 1 ga Janairu 2009, har kafofin watsa labarai suka ruwaito yadda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Ƙwarya ba ta da wancan soso, haka ma hular leburorin gini. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa ita ce ke fara barin kai kafin mahayi ya kai ƙasa. Masu kukan zafi suna da gaskiyarsu, amma maganinsa shi ne a zaɓi fara mai kafofin iska, domin farin launi ba ya tara zafin rana kamar baƙi. Karayar ƙafa ana iya kai ta wurin mai ɗori ko asibitin ƙashi na Wamakko. Raunin ƙwaƙwalwa kuwa sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiya mai nisa daga Taloka ga wanda jini ke taruwa a kansa. Idan kuɗi bai kai na babur da hula ba, a sayi babur mai rahusa, ko a jira kaka mai zuwa.

Haka nan sutura. Takalmi rufaffe ya fi silifa, domin yatsun ƙafa ne ke fara taɓa ƙasa. Babbar riga da rawani da mayafin wadda aka goya kan shiga sarƙa ko wayoyin tayar baya su fizgo mutum, don haka a tattare su, kuma kada a cire murfin sarƙa. Madubai biyu da samari ke kwancewa a ranar da suka sayi babur wai don ado, su ne idon mahayi na baya a lokacin da babbar mota ke tafe.

Hujjar masu son babban inji

Hujja mafi ƙarfi da akan kawo ita ce ta kaya. Manomi zai ce don buhun albasa da injin ban-ruwa ya sayi babur, ƙaramin inji kuwa zai wahala a rairayi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ƙwararren da ya shekara biyar yana hawa yana da dalilin neman inji 125 ko 150. Amma kaya da kansa darasi ne na gaba. Buhu mai kilo 100 a kan kariya yana ɗaga cibiyar nauyin babur sama, ya mayar da ita baya, tayar gaba ta yi sakayau, alhali ita ce ke juya babur, kuma birkinta ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Nauyin da ya ƙaru yana ƙara tazarar birki, musamman ga ƙananan birkunan ganga da ke jikin irin waɗannan babura. Haɗa sabon hannu da babban inji da kaya mai nauyi a rana ɗaya ganganci ne. Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya yi shekara guda a kan ƙarami, ya ga damina da rani, zai iya sayar da shi ba tare da babbar asara ba, tunda samfuri ne da kowa ke nema, sannan ya ƙara kuɗi ya hau na gaba.

Hujja ta biyu ba a faɗinta a fili, ita ce gudun raini a majalisa da son a yi fice a ranar rakiyar amarya. Wannan ba ta da amsa a lissafi. Amsarta tana wurin iyaye, waɗanda su ne ke biyan kuɗin babur, su ne kuma ke zaman jinya.

Kammalawa

Dokar Nijeriya ba ta ba da lasin tuƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba, lasin babur kuma shi ne mai rukunin A. Ke nan mafi yawan ɗaliban sakandare lokacinsu bai yi ba, kuma keke ya ishe su koyon daidaita jiki da karanta hanya. Amma yanzu ne ya kamata su san lissafin. Malamin Fiziks da ke neman misalin ƙarfin motsi ko gogayya ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Ya fitar da ɗalibai filin ƙwallo da keke da igiyar awo, su auna tazarar birki a gudu biyu mabambanta, a kan tauri da kan rairayi, su rubuta sakamakon da hannunsu. Shugabannin makarantu na iya gayyatar jami'an kiyaye haɗurra da wani dattijon bakanike su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani sau ɗaya a zango. Uban da ya yi niyyar saya wa ɗansa babur bayan albasar bana kuwa, ya tafi kasuwa da bakanike da shaidu biyu, ya fara tsayawa a rumfar mai hula, sannan ya sa yaron ya yi makonni yana koyon birki a fili kafin ya hau titin Goronyo.